Birnin da Teku Ta Haɗiye

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya tara ruwa wuri guda ya yi masa iyaka, in ya so ya ce masa tsaya, in ya so ya ce masa wuce. Ku matso kusa, ya ku masu sauraro, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba a bakin matafiya na tsince shi ba. Ƙafata ce ta taka, idona ya gani, bayana ya ɗauka.

Ni ne Jatau ɗan Maikarofi, mutumin Kafin Dorai, garin da ke kan tudu, inda ƙasa ja ce, rijiya kuma sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Rini muka gada kaka da kakanni. Mu biyu mahaifinmu ya bari a bakin marina, ni da yayana Nomau. Ni mutum ne mai gamsuwa da abin da na tarar, shi kuwa Nomau zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Wata rana wani falke ya sauka a garinmu da wani ƙyalle ɗaure a wuyan sandarsa. Launin ƙyallen ba shuni ba ne, ba kuma ja ba, wani abu ne a tsakaninsu, kamar sararin sama bayan faɗuwar rana. Nomau ya roƙe shi ƙyallen, ya wanke da toka, ya shanya a rana, ya sake wankewa, ko gezau launin bai yi ba. Falken ya ce daga ƙasar Lamzara ya samo shi, can inda ƙasa ta ƙare teku ta fara, wai daga jikin wata katantanwa ake tatsar launin. Tun daga ranar Nomau bai ƙara kallon shuninmu da daraja ba. Da aka gama girbi ya ɗaura kaya, ya bar matarsa Yalwa da ƙaramin ciki, ya ce kafin damina yana gida.

Damina ta zo ta wuce. Yalwa ta haihu, aka yi suna babu uba. Rannan mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta ta ce, "Jatau, ban ce ka dawo mini da shi da rai ba, wannan na Allah ne. Amma ka je ka gano mini, in san ko addu'ar matafiyi zan riƙa yi masa ko ta mamaci."

Na ɗaura wa jakina mangala, na bi Kogin Sambirai ina gangarawa tare da shi, gama falken ya ce duk inda kogin nan ya je ya mutu, nan ne Lamzara. Na yi tafiya har takalmana suka cinye na sake wasu. A hankali duwatsu suka ƙare, kuka da gawo suka ƙare, jar ƙasa ta koma baƙa mai danƙo. Daga nan na shiga wani fili da mutanen wajen ke kira Shimfiɗa. Ban taɓa ganin ƙasa kwance haka ba, babu tudu ko da na suri. Kogin da na biyo da girmansa da sunansa, a nan ya rarrabu kamar jijiyoyin ganye, kowane reshe ya kama gabansa, har na rasa wanne ne Sambirai. Iska tana ɗauke da warin gishiri da na ruɓaɓɓen ganye. Nan da can ga matattun itatuwa tsaye fari fat, babu ɓawo babu ganye, gishiri ya kashe su tun daga saiwa. Wani wurin sai in ga kan katanga ya leƙo daga cikin ciyawa, ko bakin randa, alamar a da gida ne, amma babu hayaƙi, babu carar zakara.

Hanya guda ce ta ratsa filin, an zuba mata farfasassun katantanwa farare. Wata tsakar rana ƙishirwa ta dami jakina, ya hango wani wuri kore shar a gefen hanya, ya fizge igiya ya nufe shi, ni kuma na rufa masa baya. Ashe ciyawar a kan taɓo take kwance, kamar yanar da ke kan kunu. Taku kaɗan jaki ya lume har ciki, ni na lume har gwiwa. Na yunƙura in zaro ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙara nutsewa. Da na ga taɓo ya kai mini ƙugu, sai na daina kokawa da shi. Na miƙa hannu na zaro tabarmata daga kan mangala, na shimfiɗa ta a gabana, na kwanta a kai da ƙirji, na yi ta jan jiki kaɗan-kaɗan kamar ƙadangare har ƙafafuna suka fito. Jakin kuwa ba ni da dabarar da zan yi masa. Yana kallona ina kallonsa har taɓo ya rufe kunnuwansa, ciyawa ta koma ta haɗe kamar ba a taɓa taka ta ba.

Ina kwance a kan tabarmar, ba gaba ba baya, sai na ji muryar mace tana cewa, "Kai baƙo, kada ka tashi tsaye! Kama nan."

Na ɗaga kai sai ga wata tsohuwa a cikin siririn kwalekwale, ta biyo wani rafi da ciyawa ta ɓoye, tana miƙo mini gwangwalar tuƙi. Na kama, ta ja ni da tabarmar gaba ɗaya har bakin jirgin.

Ta ce, "Sannu da arziki, ɗana. Daga tudu kake, ko? Ku mutanen tudu duk abin da kuka ga ya yi kore sai ku ce ƙasa ce."

Na ce, "Allah ya saka miki da alheri, Iya. Da ba ki zo ba da yau na bi jakina."

Sunanta Tasalla, kamun kifi da ƙaguwa ne sana'arta, ita kaɗai take zaune a wata bukka da aka ɗora kan turaku a tsakiyar ruwa. Ta ba ni gasasshen kifi da ruwan sama da take tarawa a tulu, na ba ta labarin abin da ya kawo ni. Sai ta ce, "Dogo, mai shuni a farce, mai yawan tambaya? An yi zancensa bara. Ni ban gan shi ba, amma 'yan amshi sun gan shi."

Na ce, "Su wane ne 'yan amshi, Iya?"

Ta ce, "Gobe za ka ji su da kunnenka."

Da gari ya waye muka shiga jirgi muka nufi teku. Tsakanin Shimfiɗa da teku akwai wani kurmi da ba a ƙasa yake tsiro ba, a ruwa. Itatuwansa sun tsaya a kan saiwoyinsu kamar mata sun tattare zane za su ƙetare rafi, rassansu sun haɗe a sama har rana ba ta ratsowa sai ɗigo-ɗigo. Hanyoyin ruwa suna karkata suna shiga juna, wanda ya ɓace a nan sai dai ƙaguwa ta ba da labarinsa. Mun yi nisa a ciki sai na ji kukan jariri a bisa kaina. Kafin in yi magana sai wata mace ta ƙwala kira, "Ladi! Sauke tukunyar nan!" Can kuma wani namiji ya yi ihu, "Ruwa ya juyo! Jama'a, ruwa ya juyo!"  Na duba rassa sai ga wasu tsuntsaye masu launin toka, girmansu kamar kurciya, sun jeru suna kallonmu da jajayen idanu.

Tasalla ta ce, "Su ke nan. Ba sa ƙirƙirar komai, abin da suka ji a bakin mutum suke maimaitawa, 'ya'yansu su karɓa daga gare su. Wasu muryoyin da kake ji, masu su sun riga ni tsufa da mutuwa."

Ba ta rufe baki ba sai na ji waƙar da muke yi in muna juya karofi, wadda babu mai yin ta sai marinan Kafin Dorai, da muryar Nomau, har da yadda yake jan ƙarshen baiti. Na miƙe zumbur na ce, "Yaya!" Jirgi ya karkata har ruwa ya shigo.

Tsohuwa ta daka mini tsawa, "Zauna, kada ka kashe mu! Tsuntsu ne. Ka gode wa Allah, ka san dai ya bi ta nan yana waƙa."

Na zauna. Sai wani tsuntsun da ke can gefe shi kaɗai ya buɗe baki, da muryar nan dai ta Nomau, amma ta dushe kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa: "Ruwa. Ko da kurɓi ɗaya." Na dubi Tasalla. Sai ta ƙara ƙarfin tuƙi.

Da hantsi muka fito daga kurmin, teku ta buɗe a gabanmu, tsibirai sun warwatsu a kanta kamar awaki a makiyaya. Yawancinsu na rairayi ne, ba su da zama. Tasalla ta nuna mini wani ta ce lokacin ƙuruciyarta yana can gabas, yanzu ga shi ya tako yamma da kwakwarsa da komai. Ɗaya ne kawai na dutse, baƙi ƙirin, ana ce masa Dutsen Makwanta. Can mutanen Lamzara ke kai matattunsu, domin a Shimfiɗa in aka binne mutum ruwa kan turo shi waje. Muka sauka muka tarar da mai kula da wurin, wani dattijo mai suna Arzika, yana jera duwatsu a kan wani sabon kabari. Na yi masa sallama, na tambaye shi ko ya binne baƙo marini.

Ya ce, "Ban binne shi ba, amma na shayar da shi ruwa a nan inda kake tsaye. Katantanwar rini yake nema. Na gaya masa ba ta zama ko'ina sai a jikin ganuwar Tandurma, na kuma ce masa kada ya je shi kaɗai. Bai ji ba. Ya ari jirgi ya tafi, jirgin ya dawo da kansa."

Na ce, "Ina ne Tandurma, Baba?"

Ya miƙa hannu can cikin teku, inda wani abu kamar kan turmi ya ɗan fito daga ruwa. Ya ce, "Wancan ba tsibiri ba ne, kan hasumiyar birnin ne. A da duk nan da kake gani ƙasa ce, gonakin shinkafa ne, Tandurma ce babban birninmu. Wata safiya, ranar kasuwa, teku ta taso ta shiga ta ƙofofi, ba ta ƙara fita ba. Sau ɗaya a shekara takan janye nesa, daga safe zuwa karkatar rana, birnin ya fito fili. Mukan ce da ranar Babbar Janya. In ruwa ya cika kuwa, yakan yi ta juyawa a gindin hasumiyar kamar ana dama fura, babu jirgin da ke iya kusantar ta."

Na tambaye shi yaushe ne Babbar Janya ta bana. Ya ce ta kusa, wata ya riga ya nuna alama. Na juya zan roƙi Tasalla, sai ta riga ni. Ta ce, "Ba sai ka roƙa ba. Kowace shekara nakan je. A can aka haife ni."

Muka zauna a wurin Arzika har ranar ta zo. Da sassafe teku ta fara ja da baya tana huci, kamar maciji yana komawa rami. Muka bi ta da jirgi har cikinsa ya zauna a kan rairayi, muka kafa gwangwala muka ɗaure shi, muka ci gaba da ƙafa. Wani farin tururi ya kwanta a ƙasa. Daga cikinsa ganuwa ta bayyana, gansakuka ta lulluɓe ta, ruwa yana tsiyaya daga kowace kafa. Muka shiga ta ƙofa. Ƙaguwa suna gudu a zauruka, kifaye suna mutsu-mutsu a kwatamin lunguna.

Sai na fara jin hayaniyar kasuwa, amma a danne, kamar yadda mai nutso ke jin maganar mutanen da ke bakin rafi. Muka karya kwana, sai ga su. Maza da mata, masu talla da masu saye, mahauci yana sara, mai tukwane tana ƙwanƙwasa tukunya ga mai saye. Tufafinsu suna ɗigar ruwa, gashin mata ya manne a wuyansu. In mutum ya motsa baki, sai bayan ya rufe shi sannan maganar ta iso. Babu wanda ya dube mu. Wata mata ta wuce ta gefena da ƙwarya a ka, na ji sanyi ya ratsa ni har ɓargo.

Tasalla ta tsaya a bakin wani gida. Wata matashiya tana daka a ƙofa, da goyo a bayanta. Tsohuwa ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ga uwata nan. Na bayanta ƙanena ne. Ni da safen nan ta aike ni tsibiri in kai wa kakata busasshen kifi, har ina kuka wai ba na son zuwa. Dube ta, ɗana. Yau ga shi na isa in haife ta."

Na ce, "Kin taɓa yi mata magana, Iya?"

Ta ce, "In ce mata me? Tana daka tuwon da take zaton zan dawo in ci. Bar ta da dakanta." Ta share ido da bakin zane ta ce, "Je ka nemi naka. Amma ka sa ido a kan belbelun da ke kan ganuwa. In ka ga sun tashi gaba ɗaya, ruwa ya juyo, kuma ya fi doki gudu. Ka yar da duk abin da ke hannunka ka nufi jirgi."

Na ratsa kasuwar ina duba fuska bayan fuska. A can ƙarshenta, inda hanya ta rabu biyu, na hango wani dogon mutum a tsugune yana matse ƙyalle, hannayensa har gwiwar hannu sun rine da launin nan. Na tsaya a kansa. Na ce, "Salamu alaikum, Yaya."

Ya ɗago. Shi kaɗai ne a kasuwar nan ya dube ni, shi kaɗai ne kuma tufafinsa suke a bushe, leɓunansa sun tsattsage. Ya ce, "Wa alaikumus salam. Jatau, kai ne da doguwar tafiya? Kai da ko kasuwar ƙauye sai an ja ka?"

Na ce, "Inna ce ta aiko ni. Tashi mu tafi gida, jirgi yana jira."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya ce, "Yalwa ta sauka? Me aka samu?"

Na ce, "Mace. Muna kiran ta Kyauta. Goshinka ta ɗauko."

Ya maimaita sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma. Sannan ya ce, "Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Waɗannan da kake gani ba su san abin da ya same su ba, kullum a safiyar nan suke. Ni na sani. Ina cikin ɓamɓarar katantanwa ruwa ya juyo, na gudu na hau hasumiya. Ina zaton kwana biyu zai janye. Na sha ruwan sama da ya taru a soro har ya ƙare, sama kuma ta ɗauke. Ruwa gabas, ruwa yamma, ƙishirwa ta kashe ni."

Na durƙusa na fashe da kuka. Na miƙa hannu zan kama shi, ya matsa baya ya ce, "Kada ka taɓa ni. Saurara, lokaci ya ƙure. Hanyar dama tana kai wa ga ganuwar yamma, katantanwar tana nan manne kamar ƙudan zuma, na kuma gano yadda ake tatsar ta, zan gaya maka a hanya. In ka cika jakarka, gidanmu ya yi suna har jikoki. Hanyar hagu tana kai wa ga hasumiya, inda nake kwance. Ruwa ba zai bar ka ka yi duka biyun ba. Duk wadda ka ɗauka ban ga laifinka ba."

Na ce, "In na ɗauko ka, ina kake so in kai ka?"

Ya sunkuya ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Can ya ce, "Inda ba zan ƙara jin ƙarar teku ba."

Na miƙe na bi hagu da gudu. Matakalar hasumiyar tana da santsi, na yi ta hawa da hannu da ƙafa ina faɗuwa ina tashi, har na wuce inda gansakuka ta tsaya, na iso busasshen dutse. A can sama akwai wani ɗan ɗaki mai ƙyauren katako. Na tura. Ga shi nan kwance ya fuskanci alƙibla, iskar gishiri ta busar da shi ya zama kamar itace, hannayensa da launin nan. Na tuɓe babbar rigata na naɗe shi, bai fi nauyin damin kara ba. Ina cikin ɗaure shi a bayana da rawanina sai na ji fuka-fukai sun tashi gaba ɗaya. Na leƙa taga, sai ga belbelu sun rufe sama, can nesa kuma wani farin layi ya taso daga wannan gefen duniya zuwa wancan, yana ruri.

Na san ko da ina da fiffike ba zan kai jirgi ba. Na san kuma in na zauna, abin da ya ci yayana shi zai ci ni. Na dubi ƙyauren nan, katako ne mai kauri, ruwa bai taɓa taɓa shi ba. Na sa kafaɗa na ɗaga shi daga turakunsa, na ja shi na sauko zuwa wata babbar taga da ke tsakiyar hasumiyar. Na lura muddin ruwa yana shigowa, gaba ɗaya yake tafiya ya nufi gaɓa, sai ya cika ne zai fara juyi. Na jira yana haurowa, yana haɗiye soraye ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓa bakin tagar. Na yi bisimilla na tura ƙyauren, na faɗa a kansa rub da ciki, na riƙe gefe da gefe.

Ruwa ya fizge mu kamar an harba kibiya. Da na sunkuyar da kai sai na ga birnin a ƙarƙashina, ruwan garau kamar madubi. Kasuwa tana ci. Mahauci yana sara, matashiyar nan tana daka da goyonta, taɓarya tana hawa tana sauka. A mararrabar hanya kuwa babu kowa, sai ƙyallen nan shi kaɗai yana lilo a cikin ruwa. Daga nan tururi ya rufe ni, ban ƙara ganin komai ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan ƙyauren ba. Hannayena sun mutu, na sha ruwan gishiri har cikina ya murɗa. Can sai na ji ana buga katako, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Na zaci mutanen ƙarƙashin ruwa ne ke kira na. Sai na ji muryar Tasalla, "Ɗan tudu! In kana da rai ka amsa!" Ashe da ruwa ya ɗaga jirginta ba ta gudu ba, ta yi ta zagaye a cikin tururi tana dukan gefen jirgi da gwangwala. Na amsa da ɗan abin da ya rage mini na murya. Ta jawo ni ciki, ta dubi ƙunshin da ke bayana, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙansa." Ta juya jirgi muka nufi Dutsen Makwanta.

Arzika ya ce in bar yayana a can, ya ma zaɓa masa wuri. Na gode masa, na gaya masa abin da mamacin ya roƙa. Tasalla ta kai ni har bakin hanyar katantanwa, ta ba ni gorar ruwa da busasshen kifi da wata tsohuwar fartanya. Ta ce, "Ka bi fari, ka bar kore. In ka isa ka gaida mini uwarku, ka ce wata uwa ta ce ta yi haƙuri."

Na kama hanya da yayana a baya. Tun a ranar farko na lura da wani abu. Ƙunshin a bushe na ɗaure shi, amma yana ɗigar ruwa. Ɗis, ɗis, yana bin gadon bayana, na ɗanɗana na ji gishiri. Na shanya shi a rana, ya bushe, da na goya sai ya ci gaba. In na kwanta hutawa na kara kunnena kusa da shi, sai in ji teku tana ruri a ciki, can nesa. Na isa inda ni kaina na daina jin ƙarar teku, na haƙa rami, ban kai gwiwa ba ruwa ya ɓuɓɓugo. Na mayar da ƙasa na wuce. Na sake haƙawa a gaba, ruwa ya sake cika ramin. Haka na yi ta yi a tsawon Shimfiɗa, ina haƙawa ina rufewa, har tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, gishiri kuma ya cinye mini fatar baya ta zama gyambo.

Rannan da la'asar na ga ƙasa ta fara ɗagawa, baƙinta yana komawa ja. Na hau wani ɗan tudu na tarar da wani manomi yana ɗaure damin dawa a gindin ɗorawa. Na yi masa sallama, ya amsa yana kallon ruwan da ke bin ƙafafuna. Sunansa Tanko. Na gaya masa abin da nake ɗauke da shi, ban ɓoye masa komai ba, ina jiran ya kore ni.

Sai ya ajiye igiya ya ce, "Ɗan'uwa, sauke shi, ka gaji." Ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo farin ƙyalle da ta ajiye don kansu, ya aika aka kira maƙwabta. Shi da kansa ya karɓi fartanya ya fara haƙa a gindin ɗorawar. Na tsaya a kansa ina kallon ramin, ina jiran ruwa. Ya kai gwiwa, ƙura ce ke tashi. Ya kai ƙugu, ƙura ce dai. Na ɗebi ƙasar a hannu, ta zube ta tsakanin yatsuna.

Muka yi masa sutura, muka jeru muka sallace shi. Da na ɗauke shi zan miƙa wa Tanko a cikin kabari, na kara kunnena a jikin likkafanin. Shiru. Na shafa shi daga sama har ƙasa, a bushe yake ƙayau.

Bayan mun rufe, Tanko ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka je ka gaya wa naku yana gonar Tanko, gindin ɗorawa. Garmata ba za ta taɓa nan ba, ta 'ya'yana ma haka. Duk ranar da 'yarsa ta girma ta zo, za ta tarar da wurin a share."

Nan labarina ya tsaya, ya ku masu sauraro. Wanda ya ji, ya yi wa na kan hanya addu'ar sauka lafiya, ya yi wa na ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin ruwa addu'ar rahama.